Daga Wuƙar Likita Zuwa Cikin Ƙwayar Halitta: Tarihin Binciken Sankarar Mama

Sankarar mama, wadda wasu ke kira ciwon dajin nono, tsohuwar cuta ce ƙwarai da gaske. An siffanta ƙari mai tauri a ƙirji cikin wani rubutun likitanci na mutanen Misira na dā, wanda aka kwafa wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma marubucin ya nuna cewa abin ba shi da magani. Daga baya Jalinusu, babban likitan nan na zamanin Rumawa, ya danganta cutar ga yawaitar wani baƙin ruwa a jiki, wanda littattafan ɗibbu na Larabawa suke kira sauda'u, aka kuwa zauna a kan wannan ra'ayi fiye da shekara dubu. Amma wannan lacca ba za ta bi dogon tarihin nan duka ba. Abin da za ta bi diddiginsa tambaya ce guda ɗaya, wadda ta taso a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma ɗauki masana shekara saba'in da 'yan kai kafin su gano bakin zarenta. Tambayar ita ce: me ya sa za a sami mata biyu, shekarunsu ɗaya, girman ƙarinsu ɗaya, kamanninsa a madubin likita ɗaya, a yi musu magani iri ɗaya, sai ɗaya ta sami sauƙi, ɗayar kuwa cutar ta ci gaba kamar ba a yi kome ba?

Kafin a shiga cikin maganar, ya kamata a san yadda likitoci suka ɗauki cutar a wancan lokaci. A shekarar 1894 William Halsted, likitan fiɗa na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, ya wallafa sakamakon wata irin tiyata da ya yi wa mata 50. A ganinsa sankara tana farawa ne a wuri ɗaya, sa'an nan ta riƙa rarrafe a hankali zuwa kaluluwar hammata, daga nan ta wuce sauran jiki. Saboda haka maganinta shi ne a riga ta. Yakan cire nonon gaba ɗaya, da tsokar ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da duk kaluluwar hammata. Wannan tiyata ta rage dawowar cutar a daidai wurin da aka yanka, abin da ya sa ta zama doka a asibitocin Turai da Amurka har wajen shekara 80. Sai dai mata da yawa sun fito da ƙirji a lotse da hannu a kumbure, kuma bayan duk wannan wahala cutar takan ɓullo musu a ƙashi ko hanta ko huhu.

Darasin makiyaya

A daidai lokacin da Halsted yake faɗaɗa yankansa, wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan, mai suna George Beatson, yana tunani ta wata fuska dabam. Tun yana saurayi ya zauna kusa da makiyayan tumaki, ya sa ido a kan yadda nonon dabba yake kawo ruwa bayan haihuwa. Ya kuma sami labarin cewa a wasu ƙasashe makiyaya sukan cire wa saniya ma'ajiyar ƙwanta bayan ta haihu, domin ta daɗe tana ba da madara. Daga nan ya fahimci cewa akwai wata hanya da ma'ajiyar ƙwai take juya al'amarin nono, ko da yake suna nesa da juna, kuma ba ta hanyar jijiya ba. Sai ya yi tunani: in har ita ke iko da lafiyayyen nono, wataƙila tana iko da nonon da ya kamu.

A watan Yuni na 1895 ya cire ma'ajiyar ƙwan wata mata mai shekara 33 wadda sankara ta dawo mata bayan tiyata. Cikin 'yan watanni ƙarin ya motse, matar ta rayu kusan shekara huɗu bayan haka. Ya buga labarin a mujallar Lancet a 1896. Ya kamata a lura cewa Beatson ya yi wannan aiki ne a cikin duhu, domin kalmar homon, wato sinadarin da wani sashe na jiki yake zubawa cikin jini don ya kai saƙo ga wani sashe, ba a ƙirƙiro ta ba sai 1905, kuma ba a tace homon ɗin mata mai suna istirojin ba sai 1929.

Wasu likitoci suka bi sahunsa. A 1900 Stanley Boyd na Landan ya tattara labarin mata 54 da aka yi wa irin wannan tiyata, ya tarar wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka amfana. Wannan adadi ya zame wa likitoci ƙarfen ƙafa. Bayan rabin ƙarni, lokacin da Charles Huggins na Jami'ar Cikago ya fara cire wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, waɗanda su ma suke taimakawa wajen samar da istirojin, sai aka sake samun kusan adadin nan. Ma'anar wannan a aikace ita ce, a cikin kowaɗanne mata uku da aka kwantar aka yi wa babbar tiyata, biyu sun sha wuƙa a banza, kuma babu likitan da zai iya faɗa tun da fari wace ce za ta dace.

Kwaɗo da mabuɗi

Wanda ya warware wannan ƙulli ba likita ba ne. Elwood Jensen masanin harhaɗa sinadarai ne da Huggins ya ɗauka aiki a ɗakin bincikensa. Masanan zamanin duk sun duƙufa ne a kan tambayar yadda jiki yake sarrafa istirojin, suna zaton sai ya rikiɗe ya zama wani abu kafin ya yi aiki. Jensen ya juya tambayar, ya ce bari a ga inda sinadarin yake zuwa tukuna. Shi da abokin aikinsa Herbert Jacobson suka haɗa istirojin da tiritiyam, wani nau'in haidurojin da na'ura take iya gano shi kome ƙanƙantarsa, suka yi wa 'yan ɓeraye mata allurarsa. Sai suka ga tsoka da jini sun sake shi cikin ɗan lokaci, amma mahaifa ta kama shi ta riƙe, kuma bai canza siffa ba ko kaɗan. Wato dai akwai wani abu a cikin ƙwayoyin halittar mahaifa da yake cafke istirojin, kamar yadda kwaɗo yake karɓar mabuɗinsa shi kaɗai. Wannan abu shi ake kira makarɓin istirojin. Jensen ya gabatar da sakamakon a wani taro a birnin Biyana a 1958, an kuma ruwaito cewa mutum biyar kacal suka zauna sauraronsa.

A 1966 David Toft da Jack Gorski na Jami'ar Ilinoyi suka ware makarɓin daga mahaifar ɓera, suka tabbatar furotin ne. Yadda yake aiki kuwa shi ne, idan istirojin ya shiga ƙwayar halitta ya haɗu da makarɓi, sai su biyun su manne a kan zaren gado da ke tsakiyar ƙwayar, su buɗe wasu ƙwayoyin gado da suke umartar ƙwayar halitta ta rabu biyu. Ƙarin da ƙwayoyinsa suke ɗauke da makarɓi ya dogara ga istirojin kamar yadda wuta ta dogara ga itace. Wanda ba shi da makarɓi kuwa, ko an ƙafar da istirojin ɗin jiki duka, bai san an yi ba.

A 1971 Jensen ya nuna haka a jikin majinyata, sa'an nan a 1974 aka yi taro a Betesda ta Amurka inda masana daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗa alƙalumansu. Aka tarar fiye da rabin matan da ƙarinsu yake da makarɓi suna amfana da maganin homon, alhali a cikin marasa makarɓi ko ɗaya cikin goma ba a samu. Shekara 78 ke nan bayan rubutun Beatson. Daga ranar nan ya tabbata cewa abin da ake kira da suna ɗaya a ƙalla cuta biyu ce, kuma gwajin ɗakin bincike ne kaɗai yake iya rarrabe su.

Sanin makarɓi ya zo daidai da samun wani magani da aka yi tuntuɓe da shi. A 1962 Dora Richardson, ma'aikaciyar kamfanin ICI a Ingila, ta harhaɗa wani sinadari da aka sa wa lamba 46,474, da nufin a yi maganin hana ɗaukar ciki da shi. Ya hana ɓeraye ɗaukar ciki, amma da aka gwada shi a kan mata sai ya yi akasin haka, ya ƙara musu saukar ƙwai. Shugaban aikin, Arthur Walpole, ya nace a gwada shi a kan sankarar mama, tunda yana shiga makarɓi ya toshe shi, kamar karyayyen mabuɗi a cikin kwaɗo. A 1971 Dokta Moya Cole ta asibitin Christie a Mancesta ta ba da rahoton mata 46 da cutarsu ta yi nisa, 10 daga cikinsu suka sami sauƙi a fili, kuma ba tare da wahalar da tsofaffin magunguna suke jawowa ba. Duk da haka a 1972 kamfanin ya yi niyyar watsar da shi, don bai hango riba a ciki ba, sai da Walpole ya yi barazanar ajiye aiki. Aka fara sayar da shi a Ingila a 1973, Amurka ta amince da shi a 1977, shekarar da Walpole ya rasu. Shi ne tamoksifen.

Craig Jordan, wani matashin masani ɗan Ingila, ya nuna a jikin ɓeraye cewa tamoksifen yana danne ƙwayoyin daji ne muddin ana shan sa, don haka ya kamata a ba da shi na tsawon shekaru bayan tiyata. A daidai wannan zamani kuma Bernard Fisher na Fitsbag da Umberto Veronesi na Milan suka gudanar da gwaje-gwajen da suka rushe koyarwar Halsted. Sun nuna cewa ga ƙaramin ƙari, cire ƙarin kaɗai tare da gasa wurin da haske yana ba mace tsawon rai daidai da cire nono duka, domin abin da yake kisa shi ne ƙwayoyin da suka riga suka bi jini tun kafin a ɗauki wuƙa. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Oksfod a 1998, inda Richard Peto da jama'arsa suka haɗa sakamakon gwaji 55 da ya ƙunshi mata wajen 37,000. Shan tamoksifen na shekara biyar ya rage dawowar cutar da kusan rabi ga masu makarɓi, ga marasa shi kuwa amfaninsa bai taka kara ya karya ba. Maganin yana da nasa aibi, domin yana ɗan ƙara haɗarin sankarar mahaifa da daskarewar jini, abin da ya ƙara wajabta kada a ba wadda ba zai amfana ba.

Ƙwayar gado da ta yi yawa

Saura matan da ƙarinsu ba ya jin maganin homon. Labarinsu ya biyo ta wata hanya. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus a San Faransisko suka nuna cewa ƙwayoyin gadon da suke haddasa daji, asalinsu lafiyayyun ƙwayoyin gado ne na jiki masu kula da girma, waɗanda suka sami tangarɗa. Masu bincike suka bazama farautar irinsu. A farkon shekarun 1980 ɗakin binciken Robert Weinberg ya gano ɗaya a cikin ƙarin jijiyar ɓera, sa'an nan a 1985 Axel Ullrich na kamfanin Genentech da abokansa suka ware takwararta ta ɗan Adam, aka sa mata suna HER2. Aikinta shi ne ƙera wani furotin da yake tsaye a fatar ƙwayar halitta kamar eriya, yana karɓar saƙon girma daga waje.

Dennis Slamon, likita a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, yana da tarin ƙari iri-iri da ya adana a cikin na'urar sanyi. Da ya bincika ƙarin mama 189, sai ya tarar a wajen kashi 30 cikin 100 ƙwayar gadon HER2 ta kwafi kanta ta yi yawa, har fatar ƙwayar halitta ta cika da eriya, saƙon girma ba ya yankewa. Ya kuma bi tarihin matan, ya ga su ne cutar ta fi saurin dawo musu. An buga wannan a 1987. Ƙididdigar da aka yi daga baya ta sauko da adadin zuwa tsakanin kashi 15 da 20. Genentech ya ƙera wani sinadarin garkuwa a jikin ɓera wanda yake manne wa eriyar, sa'an nan aka sāke masa gini ya yi kama da na mutum don kada jiki ya yaƙe shi. A babban gwajin da aka yi da mata 469 maganin ya tsawaita rai, ko da yake ya raunana zuciyar wasu, musamman waɗanda aka haɗa musu shi da wani rukunin magungunan kemo. A watan Satumba na 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Herceptin, tare da gwajin da zai nuna wadda ta cancanci shan sa. Wannan haɗi na magani da gwajinsa sabon abu ne a lokacin. A 2005 aka tabbatar cewa ba da shi bayan tiyata yana rage dawowar cutar da kusan rabi, har nau'in da ya fi kowanne muni ya koma cikin waɗanda aka fi iya sarrafawa.

Batun gado daga iyaye shi ma ya sami amsa a wannan tsakani. Mary-Claire King ta Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli ta shafe shekara goma sha shida tana bin zuriyar iyalan da cutar ta yi wa katutu, a 1990 ta nuna cewa matsalar tana kan kuromosom na 17. Aka ware ƙwayar gadon BRCA1 a 1994, BRCA2 a 1995. Aikinsu gyaran zaren gado ne idan ya tsinke. A 2005 masana a Ingila suka gano cewa ƙwayar dajin da ta rasa wannan magyari tana dogara ne ga wani na biyu, idan aka toshe shi kuwa sai ta mutu, lafiyayyun ƙwayoyi su tsira. Daga nan aka samo olafarib, wanda Amurka ta amince da shi don sankarar mama a 2018.

A shekarar 2000 Charles Perou da Therese Sørlie da abokansu na Jami'ar Istamfod da ƙasar Nowe suka auna aikin ƙwayoyin gado fiye da 8,000 a lokaci guda a cikin ƙarin mata 42, suka ga ƙarin yana rarrabuwa da kansa gida-gida. Akwai masu makarɓin homon, akwai masu yawan HER2, akwai kuma wani gida da mafi yawansa ba shi da makarɓin istirojin, ba shi da na furojestaron, ba shi da yawan HER2. Wannan na ƙarshe ya fi wuyar sha'ani, don babu kwaɗon da za a toshe, kemo ne babban makaminsa. Irin wannan awo ya kuma yi amfani ta fuskar rage magani. Wani gwaji da aka yi da mata fiye da 10,000, aka buga a 2018, ya nuna cewa mafi yawan masu ƙaramin ƙari mai makarɓi, wanda bai kai hammata ba, maganin homon kaɗai ya ishe su. Duk da haka ƙwayar daji ba ta zauna wuri ɗaya ba, domin a 2013 an gano cewa a jikin wasu matan da suka daɗe a kan magani makarɓin kansa yakan canza siffa, ya riƙa aiki ko babu istirojin.

Ina matan Afirka a cikin wannan lissafi?

Kusan duk alƙaluman da aka ambata a sama daga jikin matan Turai da Amurka aka samo su, inda wajen kashi 70 cikin 100 na ƙari yake da makarɓin istirojin. Olufunmilayo Olopade, 'yar Nijeriya da ta yi karatun likita a Ibadan ta zama farfesa a Jami'ar Cikago, jami'ar da Jensen ya yi aikinsa, ta tambayi ko haka abin yake a Afirka ta Yamma. A 2009 ita da abokan aikinta suka buga binciken ƙarin mata 507 daga Nijeriya da Senegal. Matsakaicin shekarun matan bai wuce 45 ba, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka samu da makarɓi. Idan haka ne, to, al'adar ba kowace majinyaciya tamoksifen ba tare da gwaji ba, don kawai yana da araha, komawa ce ga halin da ake ciki a zamanin Boyd. A 2018 wani bincikensu a Ibadan, a kan mata fiye da 1,100, ya sami tangarɗar BRCA1 ko BRCA2 a jikin kusan ɗaya cikin tara, adadin da ya zarce abin da aka saba gani a tsakanin Turawa.

Sai dai maganar makarɓi ba ta tsaya nan ba. A 2008 Clement Adebamowo da abokansa, su ma a Ibadan, sun gwada ƙarin da aka kula da adana shi tun daga ɗakin tiyata, suka sami makarɓi a wajen kashi 65 cikin 100. Tazarar da ke tsakanin sakamakon biyu ta yi faɗi ƙwarai, kuma wani nazari da aka buga a 2014, wanda ya tattara binciken ƙasashen Afirka da yawa, ya lura cewa adadin masu makarɓi yakan hau a inda aka tattara naman da kulawa, ya sauka a inda aka yi amfani da tsohon ajiya. Dalili kuwa shi ne makarɓi furotin ne mai saurin lalacewa. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin Amurka suka shimfiɗa ta ce a tsoma naman cikin ruwan fomalin kafin awa ɗaya ta cika da yanko shi, ya zauna a ciki daga awa 6 zuwa 72. Naman da ya yini a kan tebur cikin zafi, ko ya yi mako biyu a kwalba yana jiran motar da za ta kai shi asibitin koyarwa, yana iya nuna babu makarɓi alhali akwai, a hana mace maganin da zai rage mata haɗarin mutuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 suka kamu da sankarar mama, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 sukan kai shekara biyar a raye bayan gano cutar, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. Babban abin da ya jawo wannan rata shi ne zuwa asibiti a makare, amma tsadar magani da ƙarancin ɗakunan gwaji suna da nasu kaso. Hukumar ta sa maganin HER2 cikin jerin magungunan da suka zama tilas a 2015, a watan Disamba na 2019 ta tantance kwafinsa na farko mai sauƙin kuɗi, sa'an nan a 2021 ta ƙaddamar da shiri na musamman a kan cutar, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a kammala binciken majinyaciya, har da gwajin nama, cikin kwana 60 daga ranar da ta fara zuwa asibiti.